Kawu Ya Ce a Sake Nema

Kwana uku na zauna a tsakar gidan Kawu a Kankia ina karɓar gaisuwa, kuma babu mutum ɗaya da ya faɗi aikin da mutumin nan ya yi. Wannan ya ɓata mani rai, kuma ba zan ɓoye ba don ana zaman makoki.

Kowacce mace ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Allah sarki, mai haƙuri ya tafi." Kawu ba mai haƙuri ba ne. Ni na san shi. Yana iya yi maka faɗa a kan ɗigo ɗaya har shayinsa ya huce. Wata maƙwabciya ta ce, "An yi rashin mai buga takardu." Wata ta ce ai har rediyo yana gyarawa. Daga zaure aka riƙa aiko mana da shaidar maza, cewa bai taɓa rasa sahun gaba ba, ba ya riƙe mutum a zuciya, gonarsa ta hanyar Kafinsoli ko haki ba ka gani. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma wata tsohuwa da ta ce, "Shi kam tunda ya dawo daga Kaduna sai danne-danne, Allah ya sa ya huta," ita ce ta kusa sa ni tashi tsaye. Jikarta na zaune kusa da ita da goyo a baya. Na san ranar da aka haifi yaron nan, na san sau nawa uwarsa ta je awo, na kuma san wanda ya riƙa tuna mata ranar. Danne-dannen nan ne.

Abu na biyu da ya ɓata mani rai shi ne kwaɗon da aka sa wa ɗakinsa. Ranar Juma'a ya rasu, kafin la'asar an kai shi, kafin magariba babban ɗansa ya rufe ɗakin da kwamfutar Kawu take ya jefa makulli a aljihu. Ga shi kuwa a makon nan an ɗage awon masu ciki daga Talata zuwa Alhamis, kuma in saƙon waya bai fita daga kwamfutar nan ranar Litinin ba, mata za su taso daga ƙauyuka da tsohon ciki su tarar ba kowa. Wasu in suka sha wahalar banza sau ɗaya ba sa komawa.

Bari in fara daga inda ya kamata.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mani, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". A ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata masaƙa a Kaduna, a ɗakin kwamfuta, lokacin da kwamfutar ta fi sif ɗin amarya girma kuma sai an sa mata sanyi kamar mai zazzaɓi. Shi ke rubuta mata umarnin da take bi. Da masaƙar ta mutu ya dawo gida da akwatin littattafai, ya kama noman gero da wake, mutane suka ɗauka wani akawu ne da ya yi ritaya. Bai gyara masu ba. Fensir a bayan kunne, goro a kunci, in rana ta yi ya zauna a gindin kanya a bakin gona yana rubuta abin da ba mai iya karantawa.

Inna kuwa ungozoma ce a Kusada, ita ce babbar ungozomomin yankinmu. Ita ta kai mashi kuka wata rana cewa mata na mance ranar awo, katin yana ƙarƙashin katifa, mijin bai duba ba, sai an zo haihuwa a ga abin da da an gani tun da wuri. Bayan wata biyu ya kira ta ya nuna mata saƙo a wayarta, da sunanta, da rana, da wuri. Ungozomomi suka haɗa hannu suka samo 'yar na'urar da ake soka wa kwamfuta mai ɗaukar layin waya, Inna ta riƙa kawo sunaye da lambobi a rajistarta, shi kuma duk Litinin ya aika. Daga ƙauyen Ƙofa har Dudunni har rugagen da ke bayanta, saƙon Kawu na zuwa. Bai taɓa sa sunansa a ƙasa ba. Mata sun ɗauka daga gwamnati yake.

Ni ba a sa ni boko ba. Ina da 'ya'ya huɗu, ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sannan na shiga ajin manya a Kusada. Dalilin kuwa saƙo ne ya shigo wayata a kan wata maganar gidanmu, na kai wa maƙwabciya ta karanta mani, kafin in gama tuyar yamma unguwa duk ta ji. Na rantse ba wanda zai sake karanta mani sirrina. Da na yi shekara biyu na hau mashin na zo Kankia don in nuna wa Kawu na iya. Na ɗauka zai yaba.

Ya miƙo mani takardar da aka ƙunso mashi goro, ya ce, "Nemo mani kalmar ruwa a nan."

Na bi da yatsa na samo ta.

"A ina take?"

"Ga ta nan, Kawu, kana gani."

"Ni makaho ne. Gaya mani a ina take, yadda zan je in same ta ba tare da yatsanki ba."

Na ce to sai dai in ƙirga haruffa daga farko. Ya buga cinya ya ce, "Shi ke nan! Abin da na yi shekara talatin ina yi ke nan, ke kin gano shi a kan takardar goro." Na fara ƙirga, ɗaya, biyu, ya tare ni. Wai harafin farko sifili ne.

Na ce, "Kawu, tsufa ne ko wasa? Wa ya taɓa ƙirga kaji ya fara da babu?"

"Ba kaji kike ƙirgawa ba, Uwata, tafiya kike aunawa. Tashi ki tsaya a bakin ƙofar can." Na tashi na tsaya. "Taku nawa kika yi daga ƙofa?"

"Ban yi ko ɗaya ba."

"To a nan harafin farko yake zaune. Lambar kalma ita ce yawan haruffan da kika wuce kafin ki iso gare ta."

Na koma gida ina ta mita a kan mashin, amma Asabar ta gaba na dawo. Haka na yi ta dawowa har shekara shida.

Shi ya koya mani cewa a wurin kwamfuta rubutu iri biyu ne. Akwai wanda in an rubuta an kafe shi, ba a taɓa shi, in kana son canji sai dai ka yi sabo. Akwai kuma wanda yake kira allo: ka goge tsakiya, ka cusa kalma, ka ƙara a ƙarshe, duk a wuri ɗaya. Saƙon awo a kan allo ake gina shi. Akwai uwar saƙo guda ɗaya mai gurabu, inda aka rubuta SUNA da manyan baƙaƙe, da inda aka rubuta RANA. Aikin shi ne kwamfuta ta nemo inda SUNA yake, ta ba ka lambarsa, ka cire shi ka sa sunan mace, haka ma RANA. Umarnin da Turanci ake buga su, amma ni da Hausa na riƙe su a kaina: nemo, nemo daga baya, cusa, goge, musanya.

Abin da ya fi so game da neman nan shi ne amsar da kwamfuta ke bayarwa in ba ta samu ba. Ba ta kame-kame. Sai ta ba ka ɗaya a ƙasan sifili, lambar da babu harafin da ke zaune a cikinta, ma'ana babu. Yakan ce, "Kin ga wannan? Ta fi yawancin mutanen da na yi aiki da su. Ka aiki mutum nema, bai samu ba, kunya ta hana shi faɗi, sai ya kawo maka wani abu mai kama da shi." Kuma ya hana ni taɓa allo sai na fara tambaya ko an samu. "Kafin ki sa wuƙa, Uwata, ki tabbata akwai abin yankawa."

Wani halinsa da ya fi ƙona mani rai a lokacin shi ne kwafi. Bai yarda in taɓa kwamfuta ba sai da na kwafe shirin nan gaba ɗaya da hannuna a littafin makaranta mai bango ja, layi bayan layi, har da kowane ɗigo da kowace baka. In ya canza wani abu a kwamfuta, sai in ɗauko littafi in canza. Na ce mashi wannan wahalar da baiwar Allah ce, ga abu a cikin inji.

Ya ce, "Injin da na fara aiki da shi yana ina yau? An sayar da shi a kilo. Kwafa."

Yanzu zan faɗi abin da na yi, don ba zan rubuta ta'aziyyar da na wanke kaina a cikinta ba.

A shekarata ta uku a wurinsa, aka ɗage awo daga Talata zuwa Alhamis, kamar dai wannan makon. Kawu na fama da ciwon ido, an sa mashi magani an ce kada ya kalli haske. Ya ce in rubuta sabuwar uwar saƙo in aika da kaina. Na ji kaina ya yi girma. Na rubuta: "Salama SUNA, an ɗage awo. Kar ki zo Talata, sai RANA." Sai na ga kamar hanyar Kawu tana da tsawo, ya nemo wannan ya musanya, ya koma ya sake neman wancan. Na ce ni zan taƙaita. Na sa kwamfuta ta nemo lambar SUNA da lambar RANA a tashi ɗaya, na ajiye su, sannan na musanya su bi da bi. Na gwada da sunana, saƙo ya fito tsaf. Na aika wa kowa.

Abin da ban lura ba shi ne sunana haruffa huɗu ne, daidai da SUNA. Da aka cire huɗu aka sa huɗu, ba abin da ya motsa. Amma macen da sunanta ya fi haka tsawo, sunan na shiga sai ya tura duk abin da ke bayansa gaba, lambar da na ajiye ta RANA kuwa tana nan inda na bar ta, tana nuna wani wuri daban. Kwamfuta ba ta gardama. Inda na nuna mata nan ta yanka. Masu suna mai haruffa takwas, abin da aka yanke masu shi ne kalmar "sai". Saƙonsu ya zama: "Kar ki zo Talata, AlhamisRANA."

Akwai wata Bafulatana a wata ruga bayan Dudunni, mai kawo nono kasuwa, cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Mijinta ya sa aka karanta mashi saƙon, suka fahimci cewa kada ta zo Talata, kada ta zo Alhamis. Ta zauna a gida. Ranar Alhamis da azahar Inna ta kira Kawu ta ce, "Yaya, mai kumburin nan ba ta zo ba, kuma ita ce wadda na fi jin tsoro. Me kuka aika mata?"

Ina wurin, don na zo duba idonsa. Ya ce in karanto mashi abin da ya fita. Na karanta. Ya tashi da idonsa mai ciwo, ya ɗaura rawani ya rufe rabin fuska, ya aika aka kira mai mota, muka kama hanya. Damina ce, bayan Dudunni mota ta ƙi gaba, muka taka cikin gero da ƙafa, dattijo mai shekara saba'in yana gaba ina bin sa. Muka tarar da ita kwance tana cewa kanta kamar zai tsage, tana ganin wasu taurari. Mijin ya so ya tsaya gaisuwa da kawo nono, Kawu ya ce, "Malam, a bar nonon nan, ɗauko ta." A asibiti suka ce jininta ya hau sosai, suka riƙe ta. Bayan kwana tara ta haifi 'ya mace, su biyun suka rayu.

A hanyar dawowa na jira faɗa. Mutumin da ke tayar da jijiyar wuya a kan ɗigo, ga shi na kusa kashe rai biyu. Har muka iso Kankia bai ce komai ba sai, "Kin ci abinci kuwa?" Wallahi da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Ranar Asabar ungozomomi suka taru a gidan Inna, ransu a ɓace, don ba mai nonon kaɗai ce ta rasa awon ba. Kawu ya zo da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ku yi haƙuri, laifina ne. Saƙon daga wurina ya fita ban duba ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ba haka aka yi ba! Ni na rubuta, ni na aika. Kawu, kada ka rufa mani asiri kamar wata yarinya. Ina da jika. In na yi ɓarna a faɗi sunana."

Inna ta ce, "Ke, yayana kike ƙaryatawa a gaban mutane?"

Na ce, "Inna, shi ya koya mani in ba a samu abu ba a ce babu. Laifin nan an neme shi a wurinsa, babu."

Sai na ji Kawu na dariya a bayan rawani, irin dariyar da ke sa shi tari. Ya ce, "To kun ji. Uwata ce ta yi. Kuma ita za ta aika na mako mai zuwa." Wata ungozoma ta ce a'a, a dai bar wa Malam. Ya ce, "Wadda ta taka cikin gero ta ga abin da kuskurenta ya yi, ita nake so ta riƙe shi. Ni ban taɓa samun ɗalibin da ya biya wannan karatun ba."

Bai yi mani bayanin kuskuren a gaban kwamfuta ba. Da muka fito ya ja ni bakin famfon unguwa, inda aka jera jarkoki ana jiran layi. Ya nuna wata ruwan ɗorawa ya ce, "Wannan taki ce. Jarka nawa ke gabanta?" Na ce shida. Ya ce in rufe ido. Na ji yana jan wasu yana ba matan wurin haƙuri, suna ta dariya suna cewa yau Malam ya shiga rikicin layi. Ya ce, "Kada ki buɗe. Wuce shida ki ɗauki taki." Na lalubo, na ƙirga, na ɗaga. Wata mata ta ce, "Ke baiwar Allah, ajiye mani jarkata!"

Na buɗe ido. Ya cusa uku a gaba, tawa ta koma baya.

"Lambar da kika riƙe gaskiya ce lokacin da kika ƙirga," in ji shi. "Amma an taɓa layin. Duk sanda aka taɓa allo, lambar da ke hannunki ta mutu. Sake nema." Sannan ya ɗauki jarkokin nan uku ya mayar da su bayan tawa. "Yanzu fa?"

"Shida ne a gabana, ba abin da ya canza."

"To in kin nace sai kin nemo duka a tashi ɗaya, fara gyara daga baya ki taho gaba. Wanda ya shiga bayanki bai taɓa lambarki ba. Kuma in za ki gwada, kada ki gwada da sunanki. Kowa sunansa daidai yake zauna mashi. Gwada da na wadda ta fi nisa da ke."

Matar jarka ta ce, "Malam, in kun gama karatun a mayar mana da layinmu yadda yake." Ya tsaya ya mayar da kowacce gurbinta, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Daga ranar ya zama "sake nema" ba ta barin bakinsa, kuma ba a kan kwamfuta kaɗai ba. In aka ce mashi wane ai mutumin banza ne, sai ya ce, "Yaushe ka duba? An taɓa allon tun lokacin." Ya yi shekara goma ba ya magana da wani abokin noma a kan iyakar gona, wata rana da safe ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan mutumin, ya dawo yana cewa ya je ya sake nema, abin da ya ajiye ba ya wurin. Kada a ce na mai da shi waliyyi. Rowar yabo gare shi, bai taɓa ce mani na yi daidai ba, iyakarsa ya ce, "Ba laifi." 'Ya'yansa na cikinsa sun sha faɗansa har ba wanda ya yarda ya zauna kusa da kwamfutar, kuma na san wannan ya dame shi ko da bai faɗa ba. Amma shi ne ya riƙa hawa mashin duk wata yana zuwa ajinmu na manya a Kusada, ya shirya mana kwamfutar ajin guda ɗaya da duk kayan aikin da ke cikin tasa, ya zauna yana kallon matan da suka haifi 'ya'ya goma suna neman harafi da yatsa ɗaya, bai taɓa duban agogo ba.

Zuwana na ƙarshe yana kwance, numfashi na yi mashi wuya. Ya tambaye ni littafin ja. Na ce yana jakata. Ya ce, "Gyaran watan jiya kin shigar?" Na ce na shigar. Ya ce, "Ba laifi." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ranar da za a nemi aikinsa a same shi cikakke, ba a yanke ko harafi ba.

Ranar Lahadi bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu bayan la'asar, na tare babban ɗansa a soro. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ko makoki bai hana ba.

Na ce, "Yaya, ba ni makullin ɗakin can na awa ɗaya."

Ya ce, "'Yar mace, har an fara? Ko kwana bakwai ba a yi ba kin zo kwasar gado? Ke da ko tsintsiya ba ki da ita a gidan nan."

"Riƙe tsintsiyarka, ɗan namiji, ka share bakinka da ita. Saƙon awo zan aika."

Na yi mashi bayani. Ya daina dariya, ya saurare ni har ƙarshe, abin da ban zata ba. Sannan ya ce, "Wallahi ban san Baba na yin wannan ba. Na ɗauka wasiƙu yake buga wa mutane." Ya ƙara da cewa, "Amma kin san hukuncin. Daga lokacin da ya cika, komai na ɗakin nan ya zama na magada. Mu tara ne, biyu ba su iso ba, ɗaya ko a waya ba a same shi ba. Liman ya ce kada a taɓa ko allura sai an raba. In na buɗe maki yau, gobe wani ya ce a buɗe mashi, me zan ce? Ba zan fara riƙon gidan nan da cin haƙƙin 'yan'uwana ba."

Na so in yi faɗa. Na buɗe baki na nemi inda ya yi kuskure, ban samu ba. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi ba ni haushi. 'Yar ƙanwa ba ta gado, kwamfutar ba tawa ba ce, ba ta Inna ba ce. Na ce, "Yaushe za a raba?" Ya ce sai bayan arba'in, in Allah ya yarda.

Na koma cikin gida na zauna kusa da Inna. Tun ranar Juma'a ba ta yi magana mai tsawo ba, tasbaha kawai take ja. Na gaya mata yadda muka yi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Mai nonon nan ta bayan Dudunni tana cikin na wannan makon. Ciki na biyu, wata bakwai. Ƙafar ta fara." Ta ɗaga gefen tabarmarta ta jawo rajista, ta ɗora mani a cinya. Ta kwance bakin zanenta, sai ga 'yar na'urar nan mai layin waya. Ta ce, "Wannan ta ungozomomi ce, ba ta shiga gado. Tun ranar Laraba ya ba ni ya ce in riƙe maki. Ke kuma me ya ba ki?"

Na ce, "Bai ba ni komai ba, Inna. Wahala kawai ya ba ni, ya sa na yi ta kwafi."

Ta ce, "To."

Na buɗe jaka na taɓa bangon littafin. Rubutuna ne, da birona, a takardar da na saya. Babu magajin da zai ce nasa ne.

Da gari ya waye ranar Litinin ban jira an dama koko ba. Na yi wa matar Kawu sallama a ɗakin takabarta, na wuce taubashina a soro yana shan shayi. Ya ce, "'Yar mace, ina zuwa da sassafe, ba a gama zaman ba?" Na ce, "Aikin ubanka zan je in yi." Na tari mai mashin zuwa Kusada, na buga wa malamar ajinmu ƙofa ta ba ni makullin aji, na share ƙurar kwamfutar da gefen mayafina. Na buɗe littafin ja a shafin farko na fara bugawa da yatsa biyu, shafi bakwai, kowane ɗigo da kowace baka. Inda na rubuta a gefe da jan biro "sake nema", na sake nema.

Da na gama ban gwada da sunana ba. Na buɗe rajistar Inna na nemo na mai nono, haruffa takwas, na sa shi. Saƙo ya fito a gabana na karanta shi da ƙarfi a cikin ajin da ba kowa, sau uku, ina bin sa da yatsa: "Kar ki zo Talata, sai Alhamis."

Nata na fara aikawa.